KAGARAR AYANIS: YADDA MASANA SUKA AUNA BIRNIN DUTSE A BAKIN TAFKIN VAN

A can gabashin ƙasar Turkiyya, kusa da iyakarta da ƙasar Iran, akwai wani babban tafki da ake kira Van, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 3,700, zurfinsa kuwa a wani wurin ya kai mita 450. Ruwan tafkin nan ruwan kanwa ne, ba ya shawuwa, ba a kuma yin ban ruwa da shi, kifi ma iri ɗaya ne masuntan wurin suke kamawa a ciki. Tafkin yana bisa tudu ne mai tsawon mita 1,640 daga teku, duwatsu sun kewaye shi ta ko'ina, saboda haka idan hunturu ya shigo dusar ƙanƙara takan lulluɓe ƙasar wata da watanni.

A gaɓar tafkin ta gabas, kimanin kilomita 35 arewa da birnin Van, akwai wani tsauni wanda ya yi tsaye a kan ruwa, tsayinsa daga bakin tafki ya fi mita 200. A bisa ƙoƙuwar tsaunin nan ne wani sarki ya gina kagara ta dutse kusan shekara 2,700 da suka wuce. A yau ana kiran wurin Ayanis, da sunan ƙauyen da ke gindinsa. Tun daga shekarar 1989 masana kufai suke awo da haƙa a wurin, kuma abin da suka tono ya sa an sake lissafin yadda wata babbar daula ta zamanin da ta rayu, da yadda ta ɓace kamar an share ta da tsintsiya.

DAULAR DA AKA MANTA

Daular da ake magana a kanta ita ce Urartu. Wannan suna maƙwabtansu ne kuma abokan gabansu, watau Assuriyawa na ƙasar da a yanzu ake kira Iraƙi, suka laƙaba musu, shi ne kuma ya zo a cikin Attaura da lafazin Ararat. Su kansu mutanen suna kiran ƙasarsu Biainili, daga nan ne masana suke ganin sunan Van ya samo asali. Daular ta kafu ne a wajen shekara ta 840 kafin Miladiyya, a zamanin Sarki Sarduri na ɗaya, babban birninta kuwa shi ne Tushpa, wanda kufansa ke nan har yanzu a kan wani dogon dutse a gefen birnin Van.

Mutanen Urartu gwanaye ne wajen sassaƙar dutse da ƙirar tagulla da kiwon dawaki da jan ruwa. Wata hanyar ruwa da Sarki Menua ya sa aka haƙa wajen shekara ta 800 kafin Miladiyya, mai tsawon fiye da kilomita 50, har gobe manoman Van suna shayar da gonakinsu da ita. Sun kuma sha gwabzawa da Assuriyawa. A shekara ta 714 kafin Miladiyya Sarkin Assuriya Sargon na biyu ya kai musu hari, ya washe babban ɗakin bautar gunkinsu Haldi a garin Musasir, ya sa marubutansa suka ƙididdige ganimar da ya kwaso ɗaya bayan ɗaya.

Duk da wannan ƙasaita, bayan faɗuwar daular sai sunanta ya ɓace daga bakin mutane ƙaf, har ya zama mazauna wurin na baya suna jingina gine-ginenta ga wata sarauniyar almara mai suna Samiramis. Sai a shekarar 1827 wani Bajamushe, Friedrich Schulz, ya je Van ya kwafo rubuce-rubuce wajen 40 daga jikin duwatsu. An kashe shi a kan hanya a 1829, amma takardunsa suka tsira, aka buga su a Faransa a 1840. A 1882 wani shehun malami na Ingila, Archibald Sayce, ya buga yunƙuri na farko mai ƙwari na warware harshen. Rubutun irin na Assuriyawa ne, wanda ake dangwala shi kamar kawunan ƙusa, amma harshen dabam yake, ba shi da dangantaka da Larabci ko Farisanci ko Turkanci.

AWO KAFIN HAƘA

Mai karatu zai iya tsammanin aikin masanin kufai shi ne ya ɗauki diga da shebur ya kama tono. To, haƙa ita ce aiki na ƙarshe, domin abin da aka haƙa an rushe shi ke nan, ba a mai da shi yadda yake. Aiki na farko shi ne safiyo, watau a zaga ƙasa da ƙafa, a gano inda kufai suke, a auna su, a zana taswirarsu, a kuma tsinci tsingaron tukwanen da ke warwatse a bisa ƙasa, tun da yake kowane zamani da irin ginin tukunyarsa.

Wanda ya buɗe wannan hanya a yankin Van shi ne wani saurayi ɗan Ingila, Charles Burney, wanda a shekarar 1956 ya zaga kewayen tafkin a kan keke, yana hawa tsaunuka yana duba kufai. Ya buga rahotonsa a 1957, sa'an nan a 1960 shi da abokin aikinsa G. R. J. Lawson suka fitar da taswirori na kagarai da dama waɗanda suka auna. Daga wannan aiki ne aka fara gane alamomin da ake shaida ginin Urartu da su. Magina sukan sare falalen dutse su yi masa matakai domin harsashi ya zauna daram, sai su jera manyan duwatsu ba tare da laka ko siminti ba, su fitar da dogarai a jikin bango bisa tazara daidai wa daida, kana su ɗora tubalin laka a sama. Ko da tubalin ya narke, an kuma kwashe duwatsun, matakan nan da aka sare a jikin fa suna nan, kuma da su kaɗai mai awo zai iya bin sawun ganuwa daga farko har ƙarshe.

A Ayanis, aikin ya fara ne gadan-gadan a 1989 a ƙarƙashin Farfesa Altan Çilingiroğlu na Jami'ar Ege da ke Izmir. Da aka auna bisa tsaunin sai aka ga ganuwa ta kewaye fili mai tsawon kimanin mita 400 da faɗin mita 150, watau wajen hekta 6. An raba filin gida-gida kamar gurbin dara, kowane gida da lambarsa, yadda duk abin da aka samu, ko da kan kibiya ne, za a rubuta gidan da ya fito da zurfin da aka same shi. Awon ya kuma nuna cewa ba a yi wa ganuwar aiki iri ɗaya ba. Bangon kudu, inda babbar ƙofa take, an gina shi da baƙin dutsen aman wuta wanda aka sassaƙe sumul, sauran sassan kuwa da farin dutse wanda ba a ɓata masa lokaci haka ba. Ke nan sarkin ya zuba ƙawa ne a fuskar da baƙo zai fara gani.

DUTSE YA FAƊI SUNAN MAI SHI

A bakin babbar ƙofar nan aka sami wani dutse mai rubutu, wanda masanin harshen Urartu ɗan ƙasar Italiya, Mirjo Salvini, ya karanta. Rubutun ya nuna cewa Sarki Rusa ɗan Argishti ne ya gina wurin, ya kuma raɗa masa suna Rusahinili Eiduru-kai, ma'ana birnin Rusa da ke fuskantar Dutsen Eiduru. Wanda duk ya tsaya a bisa kagarar ya dubi tsallaken ruwa zai hangi Dutsen Süphan, mai tsayin mita 4,058, kansa fari fat da ƙanƙara, kuma shi ne masana suka tabbata ana nufi.

Shi Rusa ɗin nan babban magini ne. Ban da Ayanis, shi ya gina Karmir Blur a gefen birnin Yerevan na ƙasar Armeniya, da Bastam a arewa maso yammacin Iran, da Kef Kalesi a gaɓar arewa ta Tafkin Van. Sai dai rubutun bai faɗi shekarar da aka yi ginin ba. Wannan sai da aka tambayi itace.

A ƙasashe masu sanyi, kowace shekara itace yakan ƙara zobe ɗaya a cikin gangar jikinsa, zoben shekarar ruwa ya yi kauri, na shekarar fari ya yi siriri. Idan aka jera kaurin zobban itatuwa masu yawa na yanki ɗaya, sai a sami ma'auni wanda za a gwada kowane tsohon gungume da shi a san shekarar da aka sare shi. Gumagumai na rufin Ayanis sun ƙone sun zama gawayi, amma zobbansu ba su ɓace ba. Ƙungiyar Farfesa Peter Kuniholm ta Jami'ar Cornell a Amurka ta ƙirga su, ta gano an sari itatuwan ne a wajen shekarun 677 zuwa 673 kafin Miladiyya, da ragi ko ƙarin 'yan shekaru kaɗan. Wannan ya zo daidai da takardun Assuriya, waɗanda suka ambaci Rusa a zamanin Sarki Esarhaddon.

ƊAKIN HALDI DA RUMBUNA

A wuri mafi tsayi na kagarar aka tono ɗakin bautar Haldi, kuma duk cikin ɗakunan bautar Urartu da aka gano babu wanda ya tsira da kayansa kamar wannan. Gini ne mai kusurwa huɗu, kowane gefe kimanin mita 13, bangonsa da kauri ƙwarai, yana tsaye a cikin wata farfajiya mai ginshiƙai. An daɓe cikinsa da farin dutse mai sheƙi, an kuma sassaƙa siffofin dabbobi masu fikafikai a jikin baƙaƙen duwatsun bango, aka cike gurabun da farin dutse. A fuskar ɗakin, a shekarar 1997, aka sami rubutu mai layi 88, wanda yana cikin mafi tsawo da aka taɓa samu a harshen Urartu.

Kewaye da ɗakin an tarar da makamai birjik waɗanda aka keɓe wa gunkin: garkuwoyi da kwalkwali da kwaruruwa na tagulla, da masu da kibau na baƙin ƙarfe. Ɗaya daga cikin garkuwoyin tana da kan zaki ya buɗe baki a tsakiyarta. Wannan ya faranta wa masana rai, domin marubutan Sargon sun ambaci garkuwoyi masu kawunan dabbobi cikin ganimar Musasir, an kuma zana irinsu a bangon fadarsa, amma ba a taɓa riƙe ɗaya a hannu ba sai a nan. Haka nan an sami wata mariƙar mafici ta zinariya ɗauke da sunan Sarauniya Kakuli, alhali kuwa da wuya ƙwarai rubutun Urartu ya ambaci mace da sunanta.

A wasu sassan kagarar kuma an tono jerin ɗakunan ajiya cike da manyan randuna waɗanda aka binne har kafaɗa, wasu sun fi mutum tsayi, an rubuta a wuyan da yawa daga cikinsu yawan abin da suke ci. An kuma sami dunƙulen laka masu hatimi waɗanda ake liƙe kaya da su. Daga wannan aka fahimci cewa kagarar, bayan zamanta wurin tsaro da bauta, taska ce ta sarki inda ake tara hatsi da abin sha na haraji, domin a ƙasar da ƙanƙara ke toshe hanya rabin shekara, mai rumbu shi ne mai mulki.

INA TALAKAWA SUKA ZAUNA?

Dogon rubutun ɗakin bautar ya faɗi wani abu mai nauyi. Rusa ya yi alfahari da cewa ya kwaso maza da mata daga ƙasashen abokan gaba, cikinsu har da Assur da Etiuni da Tabal da Hate da Mushki, da su ya yi aikin ginin ya kuma zaunar da su. To, ina aka zaunar da waɗannan bayin Allah? A cikin ganuwa babu wurinsu, a waje kuwa ido ba ya ganin komai sai gonaki da makiyaya.

Wannan tambaya ce ta kawo wasu masana biyu daga Amurka, Elizabeth Stone da Paul Zimansky, waɗanda suka shiga aikin a ƙarshen shekarun 1990 domin su auna bayan gari. Da farko sun bi gangaren tsaunin da tuddan da ke kewaye suna haƙa 'yan ƙananan ramuka bisa tazara ƙayyadadda, suna ƙirga tsingaron da ya fito daga kowanne. Inda tsingaro ya yi yawa an san mutane sun zauna, inda ya ƙare nan ne iyakar gari.

Bayan haka suka kawo na'urar auna maganaɗisu. Ita dai ƙasa tana da maganaɗisu na halitta, kuma abin da ke binne a cikinta yakan ɗan karkatar da shi. Murhu da ƙonanniyar laka da dutsen aman wuta sukan ƙara masa ƙarfi, farin dutse kuwa ba shi da maganaɗisu, saboda haka harsashin da aka yi da shi yakan fito kamar zane a cikin ƙasar da ta kewaye shi. Mai awo yakan rataya na'urar ya yi ta kai da kawowa a kan layukan igiya, tana ɗaukar ma'auni a kowane taku, da yamma a zuba lissafin cikin kwamfuta, sai ga hoton ɗakuna da tituna ya bayyana ba tare da an sari ƙasa ko sau ɗaya ba. Irin wannan na'ura ce masanan Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka yi amfani da ita a Zilum, arewa da Maiduguri, inda suka gano gwalalon da ya kewaye wani gari mai shekara wajen 2,500.

Sakamakon awon Ayanis ya ba da mamaki. Garin da ke wajen ganuwa ya mamaye aƙalla hekta 80, watau ya ninka kagarar fiye da sau 13. Da hoton na'urar a hannu, masanan suka zaɓi 'yan wurare a unguwannin da ake kira Güney Tepe da Pınarbaşı suka haƙa, suka tarar da gidaje iri-iri, wasu an gina su da tsari da ƙwari irin na maginan sarki, wasu kuwa aikin hannun mai gida ne. Daga ƙasusuwan dabbobi da ƙwayoyin hatsi da tukwanen da aka samu ne aka fara sanin abincin talakan Urartu da zamansa na yau da kullum, abin da sarakuna ba su taɓa damuwa su sa a rubuta a dutse ba.

GIRGIZAR ƘASA KO MAHARA?

Babban abin da ake jayayya a kansa shi ne yadda wurin ya mutu. Awon ƙasa ya nuna cewa a zamanin Urartu zama ɗaya aka yi wa Ayanis: babu gari a ƙarƙashinta, kuma ba a ga sunan wani sarki bayan Rusa ya yi gini a ciki ba. Gobara ce ta cinye kagarar, rufi ya rufto a kan kaya, shi ya sa ma aka same su. Bisa ga dukkan alamu ba ta wuce shekara 20 zuwa 30 ana zaune a cikinta ba.

A da, littattafan tarihi suna cewa Urartu ta kai har wajen shekara ta 590 kafin Miladiyya, sa'ad da Mediyawa suka murƙushe ta. Amma da aka ga manyan kagaran Rusa sun ƙone ba da daɗewa da gina su ba, sai masana da yawa, cikinsu har da Stephan Kroll na Jamus, suka koma ga ra'ayin cewa ƙarfin daular ya karye tun wajen shekara ta 640. Wasu suna ɗora laifin a kan mahara masu dawaki daga arewa, irin su Sikitiyawa, suna kafa hujja da kawunan kibau irin nasu da aka tsinta a Ayanis da Bastam da Karmir Blur.

Farfesa Çilingiroğlu kuwa ya tsaya a kan cewa girgizar ƙasa ce ta rushe Ayanis, wutar murhu da ta fitilu ta kama katako. Hujjarsa ita ce yadda bangaye suka tsage suka kife, da kuma tarin tagulla da zinariya da aka bari, waɗanda da mahara ne suka ci garin da ba su tafi sun bar su ba. Ƙasar ma da kanta ta ba da shaida a ranar 23 ga Oktoba, 2011, sa'ad da wata girgiza mai ƙarfi, wadda cibiyarta ke arewa da birnin Van, ta hallaka mutum fiye da 600. Tun daga 2013 ragamar aikin ta koma hannun Farfesa Mehmet Işıklı na Jami'ar Atatürk da ke Erzurum, kuma a 2024 ma'aikatansa suka fito da wasu garkuwoyin tagulla uku da kwalkwali ɗaya daga ƙarƙashin tubalin da ya rushe kusa da ɗakin bautar.

AMFANIN HAƘURI

Akwai wani abu da ya faru a tafkin nan wanda ya nuna bambancin awo da ɗoki. A 2017 wasu masu ninƙaya suka ba da labarin sun ga bangayen dutse a ƙarƙashin ruwa kusa da garin Adilcevaz, nan da nan jaridun duniya suka yayata cewa an gano kagarar Urartu mai shekara 3,000. Da masana suka duba hotunan, sai wasunsu suka ce ginin ya fi kama da na zamanin tsakiya, ko da yake an cusa tsofaffin duwatsun Urartu a ciki. Gani da ido kaɗai ba ya ba dutse shekaru. A Ayanis sai da aka haɗa taswira da rubutu da zoben itace da takardun Assuriya kafin a yarda da shekara guda.

Abin da ke gaban masu aikin a yanzu shi ne tsare abin da aka tono. Tubalin da ya yi shekara 2,700 a binne, da zarar an fito da shi sai ruwan sama da ƙanƙara su fara cinsa, shi ya sa aka yi wa ɗakin bautar rumfa, aka kuma kai kayan tagulla da zinariya gidan tarihi na Van, wanda sabon gininsa aka buɗe a 2019 a gindin dutsen Tushpa. Ga kuma masu haƙar dare, waɗanda ke farfasa kufai a gabashin Turkiyya da zaton za su sami tukunyar zinariya. Garkuwar da ɓarawo ya ciro ta rasa rabin darajarta, tun da ba wanda zai sake sanin ɗakin da ta fito ko abin da ke kusa da ita.

Lokacin haƙa a Ayanis 'yan watannin bazara ne kawai a kowace shekara, kuma daga cikin hekta 80 na bayan gari abin da aka buɗe bai taka kara ya karya ba. Sauran yana nan a ƙarƙashin gonakin mutanen ƙauyen, an auna shi an zana, yana jiran masu zuwa da kayan aikin da suka fi na yau.